Azumi da lafiyar jiki: amfaninsa, haɗarinsa da waɗanda ya kamata su fara ganin likita

Da zarar watan Sha'aban ya raba tsakiya, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a asibitoci da farmasi daga Yamai har Damagaram. Mai ciwon sukari zai iya ɗaukar azumi? Yaya za a yi da maganin hawan jini? Mace mai ciki fa, ko mai goyo? Ga yawancin mutane masu ƙoshin lafiya, azumin Ramadan ba ya cutarwa, har ma yana da wasu amfanoni da bincike ya nuna. Amma akwai marasa lafiyar da azumi ke iya kai su gadon asibiti, ko ma ya yi sanadin rayuwarsu, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu.

Tsawon yini da zafin rana

Shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kwana 10 zuwa 11, shi ya sa Ramadan ke matsowa baya kowace shekara, yana zagaye dukkan lokutan shekara cikin kimanin shekara 33. A Nijar tsawon azumi bai cika sauyawa sosai ba: daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana kimanin awa 12 da rabi ne zuwa 14 da ƴan mintoci. A arewacin Turai, idan azumi ya faɗo tsakiyar shekara, yana zarce awa 18. Namu nauyin yana wajen zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi na haura digiri 40 kusan kullum a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, kuma azumin 2019 zuwa 2022 cikin waɗannan watanni ya faɗo.

Abin da ya faru a 2024 ya isa darasi. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu, cikin kwanakin ƙarshe na azumi, zafi mai tsanani ya rufe yankin Sahel. A garin Kayes na ƙasar Mali an auna digiri 48,5 ranar 3 ga Afrilu, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, da yawansu tsofaffi. Masana sun ambaci zafin dare, yankewar lantarki da kuma azumi cikin abubuwan da suka ƙara wa masu rauni nauyi. Yanzu Ramadan na gangarowa zuwa lokacin sanyi, a 2030 ma cikin Janairu zai kama. Sai dai iskar hunturu ita ma tana busar da jiki, ko da mutum bai ga gumi ba.

Me ke faruwa a jikin mai azumi?

Bayan sahur jiki na amfani da sukarin da ya samu daga abinci. Kimanin awa 8 bayan haka hanji ya gama tsotse abin da aka ci, sai jiki ya koma ga ajiyar sukari da ke cikin hanta. Idan ita ma ta fara raguwa, sai ya shiga ƙona kitse. Ga mai lafiya, sinadarin insulin na raguwa da rana, wasu sinadaran kuma su hana sukarin jini faɗuwa ƙasa da kima. Tun da ana buɗa baki kowace magariba, jiki ba ya kaiwa matakin yunwar da zai riƙa cin tsokarsa.

Ruwa kuwa ba shi da rumbu irin wannan. Abin da jiki ke iyawa shi ne tsimi: ƙoda na rage fitsari, ya zama kaɗan kuma ja. Gumi da numfashi suna ci gaba da fitar da ruwa. Mai zama a inuwa kan mayar da abin da ya rasa cikin dare. Birkila, ɗan dako, ɗan kabu-kabu, mai gasa burodi ko manomin rani na iya zubar da lita ɗaya ta gumi ko fiye a awa guda, kuma wannan gibi ne mai wuyar cikewa tsakanin magariba da asuba.

Ciwon kai na kwanakin farko yana da tushe uku: ƙarancin ruwa, ƙarancin barci, da rashin shayi, kofi ko goro ga wanda ya saba da su. Yakan lafa bayan ƴan kwanaki. Wanda ya fara rage shayi da goro tun cikin Sha'aban ya fi samun sauƙi.

Amfanin da bincike ya nuna

Wani nazari da aka buga a 2014 a mujallar Public Health Nutrition ya tattara bincike 35, ya gano cewa masu azumi na rage kimanin kilo 1,24 a cikin watan. Amma yawancin wannan nauyi na dawowa ƴan makonni bayan salla. A birnin Landan kuma, wani bincike kan mutum 85 da aka buga a 2021 ya nuna lambar sama ta awon jini ta sauka da kimanin maki 7, ta ƙasa da kimanin maki 3, a ma'aunin milimita. A yadda ake faɗa a asibitocinmu, wato saukar ba ta kai daga 14 zuwa 13 ba. Bincike da dama sun kuma ga ɗan gyaruwar kitsen jini. Duk waɗannan amfanoni matsakaita ne, kuma sun dogara ga abin da aka ci da dare. Wanda ya cika cikinsa da soye-soye da lemun kwalba na iya fitowa daga Ramadan ya fi yadda ya shiga nauyi.

Ga mai shan taba, azumi dama ce babba. Wanda ya iya haƙuri awa 14 kullum har wata guda ya riga ya kama hanyar bari.

Akwai kuma maganar da ke yawo a WhatsApp cewa wani Bajapane ya samu kyautar Nobel don ya gano azumi na kashe ciwon daji. Gaskiya ne Yoshinori Ohsumi ya samu Nobel ta fannin likitanci a 2016, amma kan yadda ƙwayoyin halitta ke narkar da tarkacen cikinsu su sake amfani da shi, kuma a kan ƙwayoyin yis na burodi ya yi aikin. Bai yi bincike kan Ramadan ba. Azumi ba ya warkar da daji, ko ciwon sukari, ko hawan jini, kuma ba dalili ba ne na ajiye magani.

Ciwon sukari: inda haɗari ya fi yawa

Bincike mafi shahara a nan shi ne EPIDIAR, wanda aka yi a ƙasashe 13 kan Ramadan na 2001, da marasa lafiya dubu 12 da 243. Ya nuna kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu da kashi 43 na masu nau'i na farko sun yi azumi aƙalla kwana 15. Faɗuwar sukari mai tsanani, wadda ke kai mutum asibiti, ta ninka sau 7,5 ga masu nau'i na biyu, sau 4,7 ga masu nau'i na farko. Hawan sukari mai tsanani shi ma ya ninka sau 5 ga masu nau'i na biyu.

Saboda haka Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya, IDF, tare da ƙawancen likitoci na DAR, suka fitar da jagora a 2016, suka sabunta shi a 2021. Jagoran ya kasa marasa lafiya gwargwadon haɗari. Waɗanda ake ba shawarar kada su yi azumi sun haɗa da mai nau'i na farko da sukarinsa bai daidaita ba, wanda ya suma ko aka kwantar da shi saboda sukari cikin watannin baya-bayan nan, wanda sukarinsa ke faɗuwa ba tare da ya ji alama ba, mai ciki da ke da ciwon sukari, da wanda ciwon ya taɓa masa ƙoda sosai.

Wanda likita ya yarje masa, ga ƙa'idojin. Ya je asibiti mako 6 zuwa 8 kafin azumi don a sake tsara magani. Metformine ba ta cika faɗar da sukari ba, lokacin shanta kawai ake gyarawa. Glibenclamide da allurar insulin su ne masu haɗari, kuma likita ne kaɗai zai rage ko ya sauya su. Ya riƙa auna sukari da rana, domin tsira ɗan yatsa ba ya karya azumi. Idan awo ya sauka ƙasa da 0,70 g/L, wato 70 a na'urorin da ke nuna mg/dL, ko ya haura 3 g/L, wato 300, to ya sha ruwa nan take, ko da saura minti goma a kira salla. Haka ma idan ya ji rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, gani dishi-dishi ko ruɗewa. Ya ajiye sukari ko dabino a aljihu, iyalinsa kuma su san alamomin. Wanda ya riga ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi.

Hawan jini, zuciya da ƙoda

Mai hawan jini, wato tansiyon, wanda awonsa ya daidaita da magani, yawanci yana iya azumi. Magungunan da ake sha sau ɗaya a rana ana mayar da su magariba ko sahur. Waɗanda ke ƙara fitsari, irin su furosémide da hydrochlorothiazide, su ke buƙatar kulawa, don suna ƙara busar da jiki har mutum ya ji jiri ya faɗi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a daina magani gaba ɗaya da sunan azumi na saukar da jini. Hakan na buɗe ƙofa ga shanyewar ɓarin jiki. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, ko mai ciwon zuciyar da ke sa shi haki da kumburin ƙafa, ya bar azumi sai likita ya ba da izini.

Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, da wanda ake yi wa wankin ƙoda, suna cikin rukunin da ƙishirwa ke yi wa mummunar illa. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ya yawaita shan ruwa da dare.

Sikila da gyambon ciki

Sikila, wadda ake kira drépanocytose a takardun asibiti, ta yawaita a Nijar har an kafa mata cibiya ta ƙasa a Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, domin jini na yin kauri, ƙwayoyin da suka lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi. Don haka likitoci ke hana mai SS azumi, musamman lokacin zafi. Mai AS yawanci ba shi da matsala, sai dai ya guji aikin ƙarfi cikin rana.

Game da gyambon ciki, yunwa ba ita ce asalinsa ba. Yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, ko kuma yawan shan magungunan ciwo irin su aspirine, ibuprofène da diclofénac, waɗanda ake saye barkatai a hannun ƴan tebur. Amma azumi na iya tsananta gyambon da bai warke ba, har ya yi jini ko ya huje. Aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ciwon ciki mai tsanani farat ɗaya, duk alamun gaggawa ne. Ƙwannafi kuwa yakan zo ne daga cika ciki da mai da yaji a kwanta nan take.

Masu ciki da masu shayarwa

Tun farkon shekarun 1980 masu bincike a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya suka lura cewa jikin mace mai tsohon ciki na shiga halin yunwa da sauri fiye da na sauran mutane idan ta yi azumi: sukarinta na sauka, jiki ya shiga ƙona kitse da wuri. Kan jariri kuwa sakamako ya sha bamban. Nazarin da ya tattara bincike 22 a 2018 bai ga raguwar nauyin jarirai ba, ko da yake ya ga nauyin mabiyiya ya ragu. Wani binciken na 2011, na Douglas Almond da Bhashkar Mazumder, ya ga ƙarancin nauyi a jariran da farkon cikinsu ya dace da Ramadan a jihar Michigan ta Amurka.

A nan gida, inda ƙarancin jini ya yi wa mata masu ciki yawa, ungozoma a wurin awon ciki ita ce ta fi dacewa ta ba da shawara. Mai ƙarancin jini, mai amai da yawa, mai hawan jini ko sukari, mai cikin tagwaye, su ajiye azumi. Wadda ta ɗauka kuma ta ji jiri, ciwon mara, ko motsin ɗa ya ragu, ta sha ruwa ta tafi asibiti. Nonon mai azumi ba ya lalacewa, amma uwa ce ke ɗaukar nauyin ƙishirwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono zalla yake buƙata, kada a fara ba shi ruwa ko kunu don uwa ta samu yin azumi.

Magunguna da abin da malamai suka ce

Aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara sun ba mara lafiya da matafiyi rangwamen shan azumi su rama daga baya. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen Nijar ke bi, shan azumi halas ne ga wanda ke tsoron ciwonsa ya ƙaru ko warkewarsa ta yi jinkiri, kuma wajibi ne ga wanda ke tsoron halaka ko mummunar cutuwa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya kawo hukuncin mai ciki, mai shayarwa da tsohon da ya gaza, tare da ciyarwar mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana ga wanda ciyarwa ta shafa. A 2009 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Sharjah, ta yanke cewa masu ciwon sukarin da likitoci suka sa a rukunin haɗari mai yawa su sha azumi.

Ita dai wannan majalisa, a zamanta na Jidda a 1997, ta bayyana cewa allurar tsoka, ta fata da ta jijiya ba sa karya azumi muddin ba na abinci ba ne. Allurar rigakafi da insulin suna cikin wannan. Ƙarin ruwa mai ciyar da jiki yana karyawa. Maganin ɗigawa a ido ko kunne, Malikiyya na ganin ya karya idan ya isa maƙogwaro, don haka a bar shi sai dare idan likita ya ce babu laifi. Maganin shaƙa na asma akwai saɓani a kansa, amma wanda numfashinsa ya sarƙe ya shaƙa kawai, ceton rai ke gaba.

Maganin da ake sha sau ɗaya ko sau biyu a rana yawanci yana shiga tsakanin magariba da sahur. Na sau uku ko huɗu ba a cusa shi cikin dare ɗaya, sai a nemi likita ya sauya shi ko a sha azumi. Masu maganin ƙanjamau, tarin fuka da farfaɗiya kada su tsallake ko rana guda. Mai zazzaɓin cizon sauro mara lafiya ne: ya sha azumi, ya kammala maganinsa na kwana 3, ya rama bayan salla.

Buɗa baki da sahur

A fara da ruwa da dabino kaɗan, sai kunu ko wani abu mai ruwa-ruwa, a yi salla, sannan a ci abinci a natse. Ruwa lita 2 zuwa 3 tsakanin magariba da asuba shi ne abin nema lokacin zafi, a riƙa sha kaɗan-kaɗan. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce launin fitsari: idan har safiya ja ne, ruwan bai isa ba. Ƙanƙara kuwa a kula da ruwan da aka yi ta da shi, don gudawa ga mai azumi ta fi ƙishirwar haɗari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babba, gishiri kuma ƙasa da giram 5. Gwangwanin lemu ɗaya na 33 cl na ɗauke da kusan giram 35. Idan aka haɗa da zoɓo, lemun citta, kunu da shayi zagaye uku, an ninka ƙa'idar tun kafin a tafi asham. Dunƙulen magi da yawa a miya na ƙara ƙishirwa da hawan jini. Ƙosai, fanke da dankali soyayye a rage su, a ƙara kwaɗon zogale, salak, kankana, wake da ganye, waɗanda ke maganin taurin bayan gida.

Sahur a jinkirta shi zuwa kusan alfijir, kamar yadda sunna ta koyar, kuma kada a tsallake shi. Gero, dawa, wake, ƙwai, nono da fura marar sukari da yawa sun fi farin burodi da shayi riƙe ciki. Shayi mai kauri da asuba na ƙara fitsari. Barci ma abin lura ne, musamman ga direbobi: gajiya da gaggawar isa gida dab da magariba na haddasa haɗari a kan titi.

Alamomin da ke wajabta shan ruwa nan take

Jiri mai hana tsayuwa, suma, ruɗewa ko magana marar kan gado, rashin fitsari tun safe, amai ko gudawa, zazzaɓi, ciwon ƙirji, karkacewar baki ko mutuwar hannu. Wanda rana ta buge, jikinsa ya yi zafi rau ya fara fita hayyacinsa, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya asibiti ko a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Idan yana iya haɗiya, a ba shi ruwan gishiri da sukari, SRO, na farmasi ko haɗin gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, kuma sau da yawa kunya ko tsoron bakin mutane ke hana su shan azumi. Alhakin iyali ne su sa musu ido. Yaran da ba su balaga ba azumi bai hau kansu ba, rabin yini ya ishe su koyo. Duk waɗannan ƙa'idoji sun shafi azumin nafila ma, na Litinin da Alhamis, Sitta Shawwal, Arfa da Ashura, da kuma ramuwa. Mai ciwon da ke da ramuwa a kansa na da sararin ya jira watannin sanyi, Disamba da Janairu, lokacin da yini ya fi gajarta kuma ƙishirwa ta fi sauƙi.